Yadda Ake Saƙa Ƙafar Waya ta 'Yar Motar Ado da Hannu

Duk wanda ya taɓa haɗa 'yar motar roba ta Jaguar E-Type ko Ferrari 250 GTO, irin waɗanda kamfanoni kamar Revell da Fujimi ke sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, ya san inda asirin aikin ke tonuwa. Jiki ya yi sumul, fenti ya zauna, gilashi ya shiga gurbinsa, amma da ido ya sauka kan ƙafafu sai a gane abin wasan yara ne. Dalilin lissafi ne kawai. A ma'aunin 1:24, kowace milimita ɗaya a jikin 'yar motar tana wakiltar milimita 24 a motar gaske. Injin da ke zuba roba ba ya iya fitar da sifok, wato siraran wayoyin da ke haɗa cibiyar ƙafa da rim, siriri sosai, don haka za ka tarar kaurinsa ya kai rabin milimita ko ya wuce. Ninka 0.5 sau 24, ka samu milimita 12, wato daidai kaurin rodin da ake zuba rufin kankare da shi. Sifok na motar gaske kuwa bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba, saboda haka abin da muke nema shi ne zare ko waya mai kaurin milimita 0.17 zuwa 0.2.

Misalin da zan bi shi ne ƙafar E-Type, motar da aka fara nuna wa duniya a Janiba a watan Maris na 1961. Rim ɗinta inci 15 ne, faɗinsa inci 5, sifok guda 72. Ba a sahu ɗaya suke ba: 24 dogaye suna fitowa daga bakin cibiya na waje, 48 gajeru kuma daga gindinta mai faɗi. Wannan rabo na ɗaya bisa biyu haka yake a sauran ƙafafun Ingila na wancan zamani. Mai 60, kamar ta MGB, 20 ne da 40. Mai 48, kamar ta MG TC, 16 ne da 32. Mu za mu saƙa tamu hawa uku, kowane hawa 24. Idan ba ka taɓa tsayawa ka duba yadda sifok ke ratsa juna ba, ka leƙa wurin mai gyaran keke ka ɗauki wili ɗaya ka juya shi a hannu. Dangantakar ba ta nesa ba ce, domin kamfanin Rudge-Whitworth na Coventry, wanda ya shahara da ƙafar waya mai kuncewa da noti ɗaya a tsakiya, da kekuna ya fara, kuma da lasisinsa aka buɗe masana'antar Borrani a Milan a 1922, wadda ta riƙa yi wa Ferrari ƙafafu.

Hanya biyu ake bi. Akwai masu huda rim da cibiya da bakin huda na milimita 0.3, su zura waya ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ta fi kama da gaskiya, amma ƙafa huɗu na nufin huda 576, kuma bakin hudar da ya kai wannan sirantaka karyewa yake yi da ɗan motsin hannu. Ɗaya hanyar ita ce a yanka rim zobe-zobe, a saƙa zare guda dogo a kan allo mai fil, sannan a danne shi tsakanin zobban. Ita zan koyar, kuma a 1:24 ba na jin akwai idon da zai raba su ba tare da gilashin ƙara girma ba.

Zare ko waya

Zaren fatsa na roba, mai kaurin 0.15 zuwa 0.18, shi ya fi dacewa. Ana rubuta kaurin a jikin kwarkwaron. Yana miƙewa sak idan an ja shi, ba ya riƙe lanƙwasa, kuma idan wani ya saki daga baya ɗan zafi na tsuke shi. Aibinsa ɗaya, sai an yi masa fenti. Idan ka fi son ƙarfe, ka feɗe wayar wuta mai laushi, irin ta fitilar tebur; silin da ke ciki yawanci 0.2 ne, kuma idan ka dace da mai farin rufi ba ka buƙatar fenti. Kafin amfani ka kama bakinsa biyu da filaya ka ja a hankali har ka ji ya ɗan bayar, nan take zai miƙe. Sai dai tagulla ba ta yafiya: yatsa ya taɓa ta, ta lotsa ke nan har abada. Tsirkiyar jita mafi siranta, mai 0.2 ko 0.23, tana da kyau ga masu huda, amma ta yi tauri ga saƙa. Ni dai zaren fatsa nake ba mai farawa shawara.

Sauran kayan ba su da wuyar samu: fil na teloli, ɓallin katako mai laushi guda biyu kamar tafin hannu, tsofaffin katin ATM huɗu, tsohuwar eriyar rediyo mai zuƙewa, sabuwar reza, ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora, samfefa mai lamba 400 da 1000, matsefata, sufa gulu mai ruwa-ruwa, da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Ma'aunin baniya kuwa, mai baki biyu da ake matse abu a tsakaninsu a karanta kaurinsa, kada ka yi rowar sayensa, domin rula ba ta ganin bambancin 0.2 da 0.3.

Zobban rim

Inci 15 milimita 381 ne, raba da 24 ka samu 15.9. Nan ne taya ke zama. Leɓen rim na waje ya ɗan fi haka, cikinsa kuma wajen 14.5 ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi amfani da rim ɗin da ya zo a kwali, tunda tayar ta riga ta dace da shi. Jiƙa shi a bilic na wanki, irin su Hypo, har ƙyallin ya wanke, domin wannan ƙyallin siririn rufin alminiyam ne, kuma gam ba ya kama shi. Wanke da ruwa, ka bar shi ya bushe. Yanke sifok ɗin roba kaf, ka naɗe samfefa a jikin biro mai kauri ka goge cikin rim har babu ko tabon inda suka fito.

Yanzu sai rabawa. Muna son zobe huɗu: na baya mai tsayin milimita 2.2, wani siriri mai 0.3, na tsakiya mai 0.7, da na gaba mai leɓe, 1.5. Idan ka haɗa su ka ƙara 0.2 sau uku na kaurin zaren da zai kwanta a tsakani, ka samu 5.3, wato inci 5 na motar gaske. Yawancin ƙafafun kwali sun riga sun zo gida biyu, gaba da baya, don haka aikinka shi ne ka rage tsayinsu da samfefa, ka yanko siraran biyun daga falle na roba mai tauri. Wajen ragewa, shimfiɗa samfefar a kan gilashi ka riƙa zagaya zoben a kai, kana juya shi a hannu lokaci-lokaci, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi cinyewa, ƙafar ta fito tana rawa. Fuskokin da za a manne kada ka goge su da lamba 1000, ka bar su da kaushin 400 don gam ya sami abin kamawa.

Wani zai ga bututun sirinji na mililita 10 ya yi kusan daidai da faɗin da ake so. Ka bar shi. Robarsa ba ta karɓar gam, ba ta karɓar fenti. Idan dole sai ka ƙera rim daga farko, bututun alminiyam mai faɗin milimita 16 ya fi.

Cibiya

A nan eriyar rediyo ke aiki, domin bututu ne na farar tagulla masu shiga cikin juna, an kuma riga an yi musu kurom, farin rufin ƙarfe mai ƙyalli. Zaɓi mai faɗin milimita 3 ka yanko tsawon 6. Yadda ake yanka shi ba tare da ya lotse ba: zura ƙusa a ciki, ka kwantar a tebur, ka ɗora reza ka riƙa mirgina shi gaba da baya har ya rabu. A gindinsa ka sa guntayen bututun da suka fi shi faɗi, ɗaya cikin ɗaya, har faɗin ya kai milimita 5 a tsawon 2 na ƙasa. Sannan ka yanko 'yan faya-fayai uku masu faɗin 6 daga siririyar roba ko gwangwanin lemo, ka huda su, ka jera a wannan gindi da tazarar rabin milimita tsakaninsu. Kwarmi biyu ke nan, na hawa na ɗaya da na biyu. A can sama, wajen milimita 5 daga gindi, ka sa 'yan zobba biyu da tazarar rabin milimita, su ba ka kwarmi na uku a kan bututun mai faɗin 3. Tsakanin gindi da sama ka cike da Araldite, ka daidaita shi ya sauko a karkace kamar na gaske. Kada kwarmin ya gaza rabin milimita, domin zare zai hau kan ɗan'uwansa kusan ninki biyu a ciki.

Ka ƙera cibiya huɗu a zama ɗaya, ka jera su ka auna. Idan ɗaya ta fi sauran tsawo da 0.3, za a gani a jikin mota.

Zanen allo, inda aikin yake

Mafi yawan ƙafafun da suka fito a hargitse ba wajen saƙa suka lalace ba, tun a takarda ne. Kuskuren da aka saba yi shi ne a zana da'ira ko'ina a wajen rim, a kafa fil, a fara naɗi. Amma kowane fil zare biyu yake riƙewa, ɗaya ya bi hagun cibiya, ɗaya damanta, kuma suna buɗewa ne daga fil zuwa ciki. Nisan fil daga tsakiya shi ke yanke tazarar da za su samu a daidai bakin rim. Fil ya matso da yawa, su fito biyu-biyu a manne. Ya yi nisa, su haɗe da na maƙwabta. Saboda haka ba a zaɓar wurin fil, nemo shi ake yi.

Zana komai ninki huɗu a takardar A4, don hannu ba ya iya zana da'irar milimita 3 da kyau. Daga tsakiya ɗaya ka zana da'ira uku da kamfas: mai faɗin 12, mai faɗin 20, da mai faɗin 58, su ne bakin cibiya, gindin cibiya, da cikin rim. A kan babbar ka sa ɗigo biyu a sama, tazarar digiri 15 tsakaninsu, wato 360 a raba 24. Daga ɗigon hagu ka ja layin da zai shafi gefen hagu na da'irar cibiya, daga na dama ka ja wanda zai shafi gefen dama, sannan ka miƙa layukan biyu waje har su haɗu. Mahaɗarsu nan ne wurin fil. Yi haka ga ƙaramar da'ira, ka sake yi ga ta tsakiya. Idan awonka irin nawa ne, za ka ga na gindin cibiya sun haɗu a wajen milimita 11.5 daga tsakiya a girman gaske, na bakin cibiya kuwa sai wajen 20. Zana da'ira ta kan kowace mahaɗa, ka raba ta 12, digiri 30 ke nan, ka lambata su 1 zuwa 12 yadda suke a fuskar agogo.

A gefen takardar ka ja layi mai tsawon milimita 100. Kai wa mai fotokwafi ya rage zuwa kashi 25 cikin ɗari, ya fitar maka biyu. Auna layin nan kafin ka bar shagon: idan bai zama 25 cif ba, a sake.

Manna kowace a katakonta. Allo na farko na da'irar 11.5 ne, na biyu na 20. Ana iya haɗa su a allo ɗaya, amma filolin waje za su riƙa soke maka yatsu kana aiki da na ciki, kuma katako ba tsada. A tsakiya ka kafa ƙusa marar kai wadda ta cika cikin bututun cibiya ba tare da girgiza ba, ka tabbatar a tsaye take cak ta kowane gefe. Manne katin ATM biyu, ka huda rami daidai faɗin wajen zoben baya, ka manna a allo yadda ƙusar za ta zama a tsakiyarsa sosai. Kaurin katin biyu 1.5 ne, zoben kuma 2.2, don haka zai ɗan ɗago sama, abin da ake so ke nan. Kafa filolin ta cikin katin, ka bar tsayin milimita 7, ka ɗan karkata su waje kaɗan don zare ya riƙa zamewa ƙasa da kansa. Can gefe ka ƙara ƙusa ɗaya ta ɗaure bakin zare.

Saƙa

Sa zoben baya a raminsa a allo na farko, ka zura cibiya a ƙusa. Yanko guntun robar bawul ta keke ka tura a kan ƙusar har ta danne cibiyar. Kada ka tsallake wannan: kwarmin gindi yana ƙasa da fuskar zobe, don haka da zare ya fara tauri zai nemi ɗago cibiyar sama.

Yanko zare santimita 60, ka ɗaure a ƙusar gefe, ka kawo shi fil na 1. Dokar guda ce, komai yana bin hannun agogo. Daga fil na 1 ka shiga kwarmin da ya fi ƙasa, ka bi ta gefen da 2, 3, 4 suke, ka fita zuwa fil na 8. Zagaya shi ta baya, shi ma bin hannun agogo, ka dawo kwarmin, ka fita zuwa na 3. Kullum bakwai kake ƙirgawa gaba. Jerin shi ne 1, 8, 3, 10, 5, 12, 7, 2, 9, 4, 11, 6, sannan ka dawo 1. Rubuta shi a takarda ka ajiye a gabanka, kana soke wanda ka wuce, domin da an yi maka sallama ka amsa, lissafin ya tafi. Zagaye 12, sifok 24, kowane fil ya samu zare biyu.

Me ya sa bakwai? Shida zai kai ka fil na 7 ya dawo da kai na 1, ka tsaya nan kana kai da komowa. Takwas zai zagaya fil uku kacal. Bakwai ba ta da abin da ke raba ta tare da 12, shi ya sa take taka kowane fil sau ɗaya kafin ta koma gida, kuma da yake ta wuce rabi, zaren dole ya rungumi cibiya maimakon ya wuce ta gefe.

Game da ja, a yi shi da sanin ya kamata. Ka ja har zaren ya miƙe, ka tsaya. Masu farawa sukan ɗaure shi tamau, sai bayan an yanke a ga zoben roba ya koma kamar ƙwai. Bayan kowane zagaye ka danna zaren ƙasa a jikin fil da bakin matsefata, ya kwanta a kan fuskar zobe. Da ka gama, riƙe bakin da salatif a bayan allo, ka ɗaga allon saitin ido ka duba: tazarar sifok a bakin rim daidai take? Akwai wanda ya fita daga kwarmi? Yanzu ne lokacin gyara, kwancewa minti biyu ce.

Idan ya yi, sai gam. Kada ka taɓa matsa sufa gulu kai tsaye daga bututunsa. Ɗiga shi a kan murfin kwalba, ka riƙa ɗauka da bakin fil kana taɓa inda kowane zare ya kwanta a zobe, sannan ɗigo biyu ko uku a cikin kwarmin cibiya. Ɗora siririn zoben nan mai 0.3, ka daidaita bakinsa da na ƙasa, ka danna. Sufa gulu da laimar iska yake kamawa, shi ya sa lokacin hunturu za ka ga yana jan rai. Huci a kansa kaɗan yana taimakawa. Idan ya zube kada ka goge da auduga, zafi yake yi da ita har ya ƙona yatsa. Ka kuma yi aikin inda iska ke ratsawa, don tururinsa na barin farin tabo a jikin roba, ban da yaji a ido.

Ba shi rabin awa, sannan ka yanke zaren da sabuwar reza a daidai bayan zobe, kana turawa ƙasa, ba waje ba.

Hawa na biyu dole ya faɗa tsakanin na farko. Ba sai an sake allo ba: juya ƙafar gaba ɗaya a cikin raminta da digiri 7.5, wato rabin tazarar sifok biyu. Sa alama a bayan zobe da wata a kan kati kafin ka juya, ka riƙa amfani da su ga sauran ƙafafun. Saƙa a kwarmi na biyu da jeri iri ɗaya, ka sa gam, ka ɗora zoben tsakiya, ka jira, ka yanke.

Ɗauke ƙafar zuwa allo na biyu. A wannan karon zare santimita 80, kwarmin sama, jeri bai canja ba. Bambancin shi ne zaren yana saukowa ne daga cibiya zuwa rim, saboda haka sai ka tura shi har gindin fil kafin ya taɓa zobe. Wannan gangara ita ke ba ƙafar zurfinta, ita ce kuma abin da robar kwali ba ta taɓa iya nunawa. Zoben gaba da Araldite nake so a manne shi, siririn shafi da tsinken sakace, domin yana ba ka lokacin daidaitawa kuma yana cike giɓin da zare ya bari. Ɗora guntun bututu mai faɗin zoben a kai, ka aza masa ɗan nauyi, ka bar shi ya kwana. Washegari ka yanke, ka goge bayan rim da samfefa har layukan haɗi su ɓace.

Idan ka ga wani sifok ya saki, kunna turaren tsinke ka kusanto da garwashinsa kamar santimita 2, ka wuce da shi a hankali. Za ka ga zaren ya tsuke da kansa. Kada ka tsaya wuri ɗaya, domin tsakanin tsukewa da tsinkewa ƙiftawar ido ce, kuma sifok ɗaya da ya tsinke a hawa na ƙasa ba shi da gyara mai kyau.

Ƙafar farko ba ta cika fitowa yadda ake so ba. Ka ƙera biyar, wadda ta fi muni ta zama safaya a but.

Fenti

Wanke ƙafar da ruwan sabulu da burushi mai laushi don maiƙon hannu ya fita. Soka ta a tsinke. Duk wahalar da ka sha don samun 0.17 fenti mai kauri zai iya mayar da ita 0.3 a feshi ɗaya, ya kuma cike mararrabar sifok da dunƙule. Saboda haka ka tsaya nesa, santimita 30 idan na gwangwani ne, ka yi feshi sama-sama kana juya tsinken, ka jira, ka ƙara. Shimfiɗa ɗaya siririya ta fentin ƙasa, sannan launi.

Wane launi? Mutane sun ɗauka duk ƙafar waya kurom ce, alhali E-Type da fentin ruwan azurfa take fitowa, kurom sai wanda ya biya ƙari, kuma motocin tsere na Ingila galibi masu fenti ne. Ƙafar Borrani ta Ferrari kuwa rim ɗinta alminiyam ne gogagge, sifok ɗin ƙarfe. A ganina ruwan azurfa ya fi kyau a wannan girma, don ƙyalli mai yawa yana sa siririn abu ya yi kama da mai kauri. Idan kurom kake so, fentin Alclad II yana buƙatar baƙin fenti mai sheƙi a ƙarƙashinsa, na Molotow kuma sai ka bar shi kwanaki ba ka taɓa ba, in ba haka ba ya dushe. Ko wanne ka zaɓa, kifa roba a kai da ka gama feshi, musamman idan ana ƙura. Bayan ya bushe ka tsarma baƙin fenti ya zama ruwa-ruwa, ka ɗiga a kwarmin cibiya da bakin burushi. Inuwar da zai bari tana ɓoye inda zare ya naɗu, sai a ga kamar daga rami kowane sifok ya fito.

Noti, bawul da taya

Notin tsakiya ka ɗauko na kwali, ka rage kaurin kunnuwansa da samfefa. Na E-Type kunne biyu ne, na Borrani a Ferrari ta farkon shekarun 1960 uku. Idan motarka irin wadda aka kai kasuwar Amurka ce daga 1968, ba ta da kunne ko ɗaya, dokar can ta hana. A motar gaske notin dama da na hagu ba ɗaya ba ne, zaren na dama a juye yake don tafiya ta riƙa ƙara ɗaure shi, kuma wasu kamfanonin sun bambanta su a kwali, don haka ka duba lambarsu a takardar haɗi kafin ka yanke su daga reshen robar da suka zo manne a jikinsa. Kada kuma ka manna huɗun duka suna kallon wuri ɗaya, ba a taɓa ganin haka a titi ba.

Bawul guntuwar waya ce mai kaurin 0.3, tsawon 1.5, a huda rim tsakanin sifok biyu a dasa ta, a taɓa mata baƙi. Taya kuma ka goge layin tsakiyarta da samfefa 400 har sheƙin ya tafi, ka ɗan daddale ƙasanta inda za ta taɓa tebur don a ga nauyin mota a kanta. Robar wasu tayoyin tana cin robar rim a hankali idan suka daɗe a manne, musamman a ɗaki mai zafi, saboda haka ka tabbatar bayan rim ya sha fenti sosai, ko ka zagaya masa siririyar takardar alminiyam kafin ka sa taya.

Idan motarka mai sifok 60 ce, fil 10 za ka kafa, ƙirga bakwai: 1, 8, 5, 2, 9, 6, 3, 10, 7, 4, juyin hawa na biyu digiri 9. Mai 48 fil 8 ne, ƙirga biyar: 1, 6, 3, 8, 5, 2, 7, 4, juyi digiri 11.25. A mai 48 layukan hawan gaba sai sun yi nisa ƙwarai kafin su haɗu, don haka ka kafa filolin a milimita 40 ka haƙura da ɗan bambancin tazarar. A ma'aunin 1:18 rim mai inci 15 ya zama milimita 21.2, zare 0.25, a 1:43 ya koma 8.9, zare 0.1, kuma a can hawa biyu sun isa.